Tsakon kamfanin ƙyanƙyasa da na mai kiwon tsatso: suna ɗaya, kaza daban

A ajiye kaji biyu 'yan wata takwas gefe da gefe, dukkansu an saye su da sunan Rhode Island Red, ɗaya daga babban kamfanin ƙyanƙyasa, ɗaya daga hannun mai kiwon tsatso, wato mutumin da ya daɗe yana tace wannan iri shi kaɗai. Ko wanda bai taɓa kiwo ba zai ga bambanci. Ta kamfani ja ce mai haske kamar jan bulo, jikinta siriri, jelarta a miƙe sama, ga zafin nama. Ta mai tsatso jan nata ya rine har yana neman komawa baƙi, gashin yana sheƙi, bayanta dogo ne a shimfiɗe, ƙirjinta cike, in ka ɗaga ta sai hannunka ya gaya maka. Nauyin da ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka, wadda aka kafa a 1873, ta tsayar wa wannan iri shi ne kimanin kilo 2.9 ga kaza da kilo 3.9 ga zakara, kuma ta kamfani ba kasafai take kaiwa nan ba. Amma in aka koma kan ƙwai, ita ke riga farawa, ita ke fin yawa.

Ba ha'inci ne ya kawo wannan ba, yadda ake haɗa iyayen ne. Kamfani yana zuba ɗaruruwan kaji ko dubbai a ɗaki guda, a sa zakara ɗaya ga kowace kaza 10 zuwa 12, kullum a kwashe ƙwai a kai inji. Ba wanda ya san uban wane tsako ko uwarsa. A irin wannan tsari, kazar da ta fi yin ƙwai ita ke da 'ya'ya mafi yawa a zubi na gaba. Zakara marar nauyi mai kazar-kazar ya fi hawa, don haka jininsa ke mamaye garken, shi kuwa ƙato mai nauyin jiki a bar shi a baya. Kazar da ta shiga kwanci takan daina ƙwai na makonni, kenan ta cire kanta daga lissafi. A maimaita haka shekara goma, garken zai karkata da kansa zuwa ƙaramin jiki, saurin fara ƙwai da rashin kwanci, ko da ba wanda ya zauna ya tsara hakan. Sunan dai yana nan a jikin kwali.

Mai kiwon tsatso na gaskiya aikinsa cirewa ne. Yakan haɗa zakara ɗaya da kaza biyu ko uku a keɓaɓɓen keji, bayan ya raba kajin da sauran zakaru na kusan mako uku, domin kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta tsawon mako biyu zuwa uku, in aka yi gaggawa sai a jingina wa sabon zakara 'ya'yan tsohon. Yana rubuta alama a kan kowane ƙwai da fensir, ya huda fatar tsakanin yatsun tsako ko ya sa masa lamba a fiffike, ya auna nauyinsa a mako na 8 da na 16, sannan ya riƙa fitar da duk wanda bai cika ba. A bakin masu wannan sana'a akwai maganar cewa sai ka ƙyanƙyashe goma kake samun ɗaya na ajiyewa. Da yawansu suna raba garken gida uku: 'ya'ya mata su zauna a gidan uwarsu, zakaru kuma duk shekara su matsa zuwa gida na gaba, don kada jini ya yi kusa da yawa. Tsadar tsakonsa daga nan ta fito. Kuɗin abincin taran da aka fitar kake biya.

Sai dai kamfani kaya iri biyu yake sayarwa, kuma kuskure ne a yi musu hukunci ɗaya. Na farko su ne kajin haɗi, wato waɗanda ake samu ta hanyar gauraya jini daban-daban da gangan, irin su ISA Brown, Lohmann Brown da Hy-Line a ɓangaren ƙwai, Cobb 500 da Ross 308 a ɓangaren nama. A nan ba shi da abokin takara. Waɗannan ba garken da aka saka wa ido ba ne. A bayansu akwai layuka huɗu na kakanni da ake auna kowane tsuntsu a cikinsu, a haɗa biyu a samu uba, a haɗa biyu a samu uwa, sannan a haɗa su a samu tsakon da ke zuwa kasuwa. Kazar ƙwai ta haɗi tana farawa a mako na 18 zuwa 20, ta ba da ƙwai sama da 300 a shekarar farko, tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Ta nama tana wuce kilo 2 cikin kwana 35 zuwa 42, da abincin da bai kai kilo 2 ba a kan kowane kilo na nauyinta. Babban iri na tsatso irin Orpington ko Brahma sai ya kai mako 24 zuwa 28 kafin ƙwan farko, wani lokaci ya haura, in ya ba da 150 zuwa 200 a shekara an gode masa, ga shi ya fi ci. Wanda ƙwai ko nama ne kaɗai buƙatarsa, kuma yana lissafin kowane buhu, ba shi da dalilin zuwa wurin mai tsatso.

Ita ma kazar haɗi tana da nata farashin da ba a rubutawa. Jikin da ke fitar da ƙwai kusan kullum yana zarar sinadarin kalsiyam daga ƙashinsa, don haka daga shekara ta biyu ake fara ganin ɓawo mai laushi, karayar ƙashin ƙirji, fitowar dubura, da fashewar gwaiduwa a cikin ciki wadda ke kumbura kaza har ta riƙa tafiya a tsaye. Sannan ba ta haifar irinta. In ka haɗa zakaran haɗi da kazar haɗi, halayen kakanni huɗun nan za su watse a cikin 'ya'yan: wannan fari, wancan ja, wata mai ƙwai, wata ba ta da shi. Dole duk zubi ka koma ka sayo, kuma a kan haka aka gina cinikin. Na nama kuwa in aka ce za a ajiye su su yi iri ba tare da taƙaita musu abinci ba, ƙafa da zuciya ke fara kasawa.

Kaya na biyu su ne masu sunan tsatso, kuma nan ne kamfani ya fi rauni. Wyandotte misali ce mai kyau. Zankonta, wato jan naman saman kai, ya kamata ya zama kwantacce mai faɗi, amma a kwalin kamfani ba a rasa masu zanko tsayayye mai haƙora kamar zarto. Dalilin yana da ban sha'awa: ƙwayar gadon kwantaccen zanko tana rinjayar ta tsayayye, don haka tsuntsu na iya ɗauke da ta tsayayyen a ɓoye. Zakaran da ya gaji kwantaccen daga uwa da uba duka, maniyyinsa ba shi da ƙarfin gudu kamar na mai ɗauke da ɓoyayyen. A ɗakin da zakaru da yawa ke hawa, mai ɗauke da ɓoyayyen ne ke cin gasa, kuma duk sa'ad da masu ɓoyo biyu suka haɗu, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu za su fito da tsayayye. Mai tsatso yana gano mai ɓoyon ta hanyar gwajin haɗi ya cire shi. Kamfani ba shi da lokacin wannan.

Haka labarin yake a sauran. Silkie yatsu biyar ne da ita da baƙar fata, amma sai a samu mai huɗu, ko mai gashin da ya fara tauri. Brahma da ya kamata zakaransa ya kai kilo 5.4 sai ya tsaya nesa da haka, gashin ƙafarsa tsilli-tsilli. Abin da ake sayarwa da sunan Ameraucana, mai shuɗin ƙwai, sau da yawa ruwa biyu ne, sai ƙwan ya fito kore ko ma ruwan ƙasa, domin in launin ruwan ƙasa ya hau kan shuɗin ɓawo kore yake bayarwa. Marans kuwa saboda duhun ƙwanta ake nemanta. A Faransa ana auna duhun daga lamba 1 zuwa 9, ƙasa da 4 ba a karɓarsa. Launin kamar fenti ne da jikin kaza ke shafa wa ɓawo gab da fitowar ƙwan, yana kuma dusashewa yayin da kaza ke ci gaba da zuba ƙwai, saboda haka garken da ba a zaɓar masa ƙwai mafi duhu don ƙyanƙyasa, nan da nan launin ke gudu. Wanda zai sayi Marans ya nemi ganin ƙwan iyayen da idonsa, ba hoto ba.

A fagen lafiya ma'aunin yana juyawa, kuma masu yabon tsatso ba su cika son jin wannan ba. Kamfani mai tsari yana gwada jinin iyaye, yana tsabtace ƙwai da inji, yana hana baƙi shiga, kuma tsakon da ya fito daga inji bai taɓa haɗuwa da babbar kaza ba. Yana kuma iya yin rigakafin cutar Marek, wadda ke shanye ƙafa har ka ga kaza kwance ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Ana yin allurar a ranar ƙyanƙyasa, ko ta cikin ƙwai a kwana na 18. Kwalbarta ta tsaki 1,000 ce, kuma in aka haɗa ta ba ta wuce awa ɗaya ko biyu, shi ya sa mai ƙyanƙyasar tsaki 30 a mako yakan haƙura da ita. Wasu za su ce maka suna kiwo ne don kajinsu su jure cutar da kansu. Akwai gaskiya a ciki, domin juriyar tana bin jini, amma ma'anarsa ita ce ƙwayar cutar tana iya kasancewa a gidansu, tana yawo a ƙurar gashi. Ita ma allurar ba ta hana kamuwa, ciwon take hanawa, kuma tana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kama jiki. Tsakon da aka yi wa ita aka ajiye shi kusa da manyan kaji tun ranar farko, an yi asarar allurar.

Abin da ya fi Marek ban tsoro a hannun ƙananan masu kiwo shi ne cututtukan da ke bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa tsako. Akwai Mycoplasma, mai kawo kumfa a ido, kumburin fuska da atishawa. Magani irin tylosin yana kwantar da alamun, amma tsuntsun ya zama mai ɗauke da ita har ƙarshen ransa, duk lokacin da ya wahala sai ta tashi. Akwai pullorum, mai farin zawo da ke kashe tsaki a makon farko da na biyu, wadda ake ganowa da ɗigon jini a kan faranti cikin minti biyu. Mai kiwon da ke kai kajinsa wuraren baje koli, yana kuma sayo zakaru daga nan da can, ƙofarsa a buɗe take ga duk waɗannan. Don haka tambayar farko ba ta launi ba ce: yaushe aka gwada garken, a kan wace cuta, ina takardar? In ya hana ka shiga cikin kejinsa da takalminka, kada ka ji haushi, alama ce mai kyau. Wanda ke barin kowa ya shiga ya taɓa, shi ne abin gudu.

Sai maganar mace da namiji, inda lissafin mutane da yawa ke rushewa. Kamfani yana da ƙwararru masu duba duburar tsako a ranar farko, fasahar da ta samo asali a Japan, kuma abin da aka saba alkawartawa shi ne kusan kashi 90 cikin 100 daidai. A kajin haɗi da yawa ma ba a buƙatar wannan, launi ko tsawon gashin fiffike ke faɗa: in zakaran Rhode Island Red ya hau kazar Barred Rock, duk tsakon da ya fito da farin tabo a ka namiji ne. Mai tsatso kuwa a gauraye yake sayarwa. In kaji 10 kake so, sai ka sayi tsaki 22 zuwa 25, ka ciyar da su duka har mako na 6 zuwa 8 kafin zakaru su bayyana, a Silkie ma har wata uku ko huɗu ana gardama. Kazar ƙwai tana cin kilo 6 zuwa 7 kafin ta kai mako 18, manyan iri sun fi haka. Ka tanadi inda za ka kai zakaru goma sha tun kafin ka biya kuɗi.

Tafiya ma tana da nata tasirin. Tsako yana zuƙe ragowar gwaiduwa cikin cikinsa gab da fitowa, ita ke riƙe shi har awa 72 ba ci ba sha, kuma da wannan kamfani ke iya aika shi nesa. Amma ƙidayar tana farawa ne daga fasa ƙwai, ba daga rufe kwali ba, kuma tsakanin tsakon farko da na ƙarshe a inji ɗaya akan samu tazarar yini guda ko fiye. Shi ya sa wasu ke isowa a bushe, ƙafafunsu a yamutse. Da an buɗe kwali a juya kowanne a duba cibiya: ta zama a rufe, a bushe, ba baƙin ɓawo ba zare. Tsako mai lafiya in ka kwantar da shi rigingine, cikin daƙiƙa kaɗan zai miƙe. A tsoma bakin kowanne a ruwa kafin a ba shi abinci, zafi ya zama digiri 32 zuwa 35 na ma'aunin Celsius a daidai tsayin bayansu, a riƙa rage kimanin digiri 3 duk mako. Bayan awa 24 a taɓa jakar abincin da ke gindin wuyansu. Kusan duka ya kamata a ji ta cike da laushi. Kashin da ke manne wa dubura ya toshe ta yawanci daga wahalar hanya ne ko zafi da sanyin da suka wuce kima, a jiƙa shi da ruwan ɗumi a cire, kada a fizge. Tsakon da ka ɗauko da hannunka daga mai kiwo na kusa ya tsallake yawancin wannan.

Idan mai tsatson yana nesa, ƙwai zai aiko maka, kuma wannan caca ce. Ƙwan ƙyanƙyasa ya fi kyau kada ya wuce kwana 7, a ajiye shi a wuri mai sanyin digiri 12 zuwa 15, tsinin a ƙasa. Girgizar mota tana ɓalle jakar iskar da ke faffaɗan gefen, don haka in ya iso a bar shi ya huta awa 24 a tsaye kafin a sa a inji mai digiri 37.5. A haska shi a kwana na 7 zuwa 10 a cire baragurbi, a daina juyawa a kwana na 18, a ƙara laima zuwa kashi 65 ko 70. Duk da haka, samun rabi daga ƙwan da ya yi doguwar tafiya sa'a ce. Daga ƙwai 12 kenan tsaki 6, mata 3, wataƙila ɗaya ce ta cancanci zama uwa.

Mafi munin ciniki a wannan kasuwa ba kamfani ba ne, ba kuma mai tsatso ba ne, wanda ke tsakiya ne: mutumin da ya sayi tsakin kamfani bara, ya haɗa wa da ƙanwa bana, ya kira kansa mai kiwon iri, ya ɗora farashin tsatso. Ba shi da gwajin jinin kamfani, ba shi da tacewar gwani. Gano shi ba wuya. Yana da iri goma sha a ƙaramin fili, ko yaushe ka tambaya akwai kaya, kuma duk abin da ya ƙyanƙyashe na sayarwa ne. Tambaye shi nauyin zakaransa, daga wane layi ya samo su, nawa ya fitar bara da dalilin fitarwar, kuma mene ne aibin da yake fama da shi a garkensa yanzu. Gwani zai amsa ta ƙarshen nan da tsawo, har ka gaji, domin ita ce ke hana shi barci. Wanda ya ce kajinsa ba su da aibi bai san su ba. Kusancin jini kuma yana nuna kansa: ƙwai da yawa ba sa fashewa, tsaki suna mutuwa cikin ɓawo, ana samun karkatattun yatsu, baki mai saɓani da jela mai kwanciya gefe.

In babbar kaza za ka saya, ido bai isa ba, sai hannu. Shafa ƙashin ƙirji ka ji ko miƙaƙƙe ne, da nama a gefensa biyu. Sa yatsunka tsakanin ƙasusuwa biyun da ke gefen dubura: mai ƙwai tana ɗaukar yatsu biyu zuwa uku, daga nan zuwa ƙarshen ƙashin ƙirji kuma uku zuwa huɗu. Buɗe gashin ƙarƙashin fiffike da na dubura ka nemi ƙwarƙwata, ka duba ko saɓar ƙafa ta ɗago, ka kara kunnenka a bayanta ka saurari numfashi.

Game da hali, mai tsatso da ya san aikinsa ba ya barin zakara mai kai wa mutane hari ya yi iri, a ɗakin kamfani kuwa mafaɗacin ne ya fi samun mata. Kwanci ma haka: in kana son kazar da za ta kwanta wa ƙwanta kwana 21 ta rene 'ya'yanta, a layin tsatso za ka fi samunta, ita kuma takan ci gaba da ƙwai daidai gwargwado har shekara huɗu ko biyar. A ganina, mai fara kiwo ya fara da kajin haɗi na kamfani, mata zalla, masu rigakafi, ya koyi sarrafa zafi da abinci a kan tsakon da asararsa ba za ta karya shi ba. Wanda ke son garken da zai riƙa maye gurbin kansa, ko nama da ƙwai a jikin kaza ɗaya, ya nemi gwani a iri guda, ya sayi zakara ɗaya da kaza biyu da suka girma, ya kuma zauna a kan layin mutum ɗaya na 'yan shekaru kafin ya gauraya da wani, domin haɗa layuka biyu masu kyau kan tono aibobin da kowannensu ya binne.

Ko daga ina sabon tsuntsu ya fito, kada ya shiga cikin tsofaffin sai ya yi kwana 30 a keɓe, a wuri mai nisa da ba sa shaƙar iska ɗaya, da nasa mazubin ruwa da na abinci. A fara hidimar tsofaffin kafin a je wurinsa, a sauya takalmi. A mako biyun ƙarshe a ɗauko kaza ɗaya daga tsohon garken a haɗa su. In ita ce ta fara atishawa, baƙon ne ya zo da cuta a ɓoye. In shi ne ya kwanta, cutar a gidanka take.